Itacen Jegon da Kika Tara Min

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina kwance cikin rahamar Allah. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, cewa za ki yi in bar shirmen boko in buɗe baki in faɗa miki. To, na buɗe bakin ya fi a ƙirga a ƙofar ɗakinki, ba wanda ya amsa, shi ya sa na ɗauki biro.

Inna, na sauka. Mace ce, yau kwananta arba'in da ɗaya. Sunanki aka raɗa mata, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan nan, Inna Ƙarama muke ce mata. Goshinki ta ɗauko, da faɗanki. Ina nan gida Furana kamar yadda kika tsara, surukinki yana ta zarya daga Hunkuyi a babur. Baba lafiya lau, yana zaure da littattafansa, sai dai har yanzu in aka kai masa tuwo yakan daɗe yana duban miyar kafin ya sa hannu. Jar akuyarki ta haifi biyu, ita kam ba tare da likita ba.

Ni kuwa tiyata aka yi min. Kwana da wuni ina naƙuda, ashe jikarki gicciyewa ta yi, aka kwashe ni sai asibiti a Ikara. Kin san abin da aka fara tambayata bayan na farfaɗo? Ko na yi tusa! A gaban uwar mijina, Inna. Wai ba za a ba ni ko kunu ba sai ta fita. Ke da kika yi shekara ashirin kina koya min cewa 'ya mace ba ta yin wannan abu ko a mafarki, ga shi an wayi gari ɗaki guda na jiran tawa. Da ta fita, matar gadon kusa da ni har barka ta yi min.

Washegari, ina jin kamar an raba ni biyu an ɗinke da zaren buhu, Sista, nas ɗin da ke kula da mu, ta ce in sauko in taka. Na ɗauka wasa take yi. Ta ce kwanciya ce ke kawo ciwo, tafiya ce maganina, kullum kaɗan-kaɗan ina ƙarawa. Ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa a rijiya, ta ce kada in ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi, in tari ko dariya ta zo in danne cikin da matashi. Sai ta ɗaga yatsa ta ce ruwan zafi kuwa kada ya kusanci ɗinkin nan, ko wa ya ce a yi.

A nan maganar take, Inna. Itacenki yana nan a tsakar gida inda kika jibge shi. Kin tuna da surukinki ya kawo nasa kika dube shi kika ce wannan ko shayi ba zai dafa ba? Kika shiga tara naki da kanki, marke da kirya, tun cikina yana wata huɗu, har tarin ya fi ni tsawo. Kowa ya san duk Furana ba mai wankan jego irin naki. Kika ce nawa sai an ba da labarinsa har Makarfi. Wata biyu kafin haihuwar kika tafi kika bar itacen.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da na ga Yaya Asabe ta fito daga wankan jegon da kika yi mata kamar kazar da aka tsoma za a fige, tsoron tukunyarki ya shige ni. Duk icen da kika ƙara a tarin nan sai gabana ya faɗi. Na yi ta addu'a bayan kowace salla, ina cewa Allah Ya raba ni da ruwan zafin Inna. Ban ce ta yaya ba. Ni ina nufin ki manta, ko ruwan sama ya jiƙe itacen, ko ki ji tausayina. Wa ya ce a ɗauke min ke gaba ɗaya? Na san in Baba ya ji zai ce ajali ba ya jiran addu'ar kowa. Kaina ya san haka, zuciyar ce ba ta yi karatu ba.

Da aka sallamo mu, sai ga Gwaggo Lami daga Gubuchi da ƙullin kayanta. Ta ce ke da bakinki kika bar mata amanar wankana kina kwance, kuma ba ’yar Sistar da ko goyo ba ta iya ba da za ta sa ta ci amanar mamaci. Kwana takwas muna ja. Ni ina zagaya tarin itacen ina riƙe da matashi, tun da mai jego ba ta fita ƙofar gida, ita tana zaune tana salati, wai a zamaninsu mai jego kwanciya take yi, ba yawo kamar mai neman ɓataccen kuɗi ba. Akwai kuma wani motsa jiki da Sista ta koya min, wai in riƙa matsewa kamar mai riƙe fitsari in saki. Ran da Gwaggo ta gan ni zaune na ɓata fuska ina yi, da gudu ta kawo min buta.

Rana ta tara ta canja salo. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta sa. Ta ce ka ga baiwar Allah ta tara ice da ciwo a jikinta, ’yar da aka tara dominta ta mai da shi abin zagaye. Maganar ta same ni daidai inda ke ciwo. Na ce a raina, ke da kika roƙi a raba ki da ruwan, aka raba ki da uwar, ba sai ki zauna a zuba miki ba ko za ki samu sauƙi? Na ce ta ɗora tukunyar. Wallahi na san abin da Sista ta ce, na san ɗinkin bai kame ba, amma na ɗaura zani na zauna a bayan ɗaki ina kallon tururi.

Gwaggo ta ga jikina yana rawa, sai ta ce mu ’yan zamani ragwaye ne, ruwan nan ko jariri a yi masa wanka da shi. Don ta nuna min, ta tsoma ganyen darbejiyar ta fyaɗa a ƙafarta.

Inna, ban taɓa sanin Gwaggo ta iya tsalle ba. Ta yi sama, ta dire, ta zagaya tarin itacen nan sau biyu da ƙafa ɗaya, tana kiran sunanki tana cewa ke kika ja mata. Kaji suka watse, akuyarki ta tsinke igiya, Baba ya leƙo daga zaure ya koma da sauri. Ni kuwa dariya ta kama ni, ga ba matashi a kusa. Na rungume ciki, ina dariya ina ihu, hawaye na zuba, ban san wanne ne na daɗi wanne ne na azaba ba. Da na samu numfashi na dubi ƙafarta ta yi bororo, na dubi inda aka yanka ni. Gani ya kori ji. Na ce Gwaggo ta yi haƙuri, ba za a zuba min ba, in laifi ne ni da ke ne, zan ji da shi. Ita tana can tana hura ƙafa.

Daga ranar muka zama guragu biyu. Da muka je asibiti a duba ɗinkina, Sista ta duba ƙafar ta sa mata magani, ta ce ita ma ta riƙa takawa. Sai ga mu kullum da hantsi muna zagaya itacen, ni a duƙe, ita tana ɗingishi. Kin san Gwaggo, in ta ƙi abu ta ƙi, in ta karɓa kuma ta fi mai shi. Ta koma ƙirga min zagaye da carbi. Da itacen ya fara raguwa, don da shi ake dama min kunu da ɗumama ruwan wankan jikarki, sai ta ce zagayen ya gajarce, ha'inci nake yi, ta haɗa min da rumbu. Kwana ashirin na miƙe sosai. Kwana talatin na kai zaure na gaida Baba ba tare da na dafa bango ba, ya ɗago ya dube ni ya ce tafiyata irin taki ce sak, Inna.

Shekaranjiya muka koma asibiti, Sista ta ce ɗinki ya warke sarai, in ina so a yi min wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi. Jiya, ranar arba'in, ice uku ya rage. Gwaggo ta sa biyu a murhu, ta sirka ruwan, ta gwada da gwiwar hannu har sau uku tana ja da baya. Ta tsoma ganyen ta fyaɗa min a baya da kafaɗu, a hankali, kamar mai kore wa jariri ƙuda. Sai kawai na fashe da kuka. Ta yar da ganyen tana ihu a kawo ruwan sanyi ta ƙona ’yar mutane.

Ba ta ƙona ni ba, Inna. Abin da ya sa ni kukan ke nan. Ruwan ba zafi, hannun ba nauyi, ba wanda ya ce in daina raki in juyo. Da ke ce, da yanzu ana ba da labarina har Makarfi. Ko da yake wa ya sani? Wataƙila da kin ga ɗinkin nan ke ma sirkawa za ki yi, ki ce kada in kuskura in faɗa wa Yaya Asabe.

Ki yafe min addu'ar nan. Na canja ta, yanzu kuma nakan yi bayani dalla-dalla: Allah Ya raba ki da kowane irin zafi, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Gobe zan koma Hunkuyi. Icen kiryar da ya rage na naɗe shi a zaninki na sa cikin kayana, Gwaggo tana ta mita wai ya fi jaririyar nauyi. Ita za ta ɗauka.

Sai mun zo.

Taki har kullum,
Saude, ’yarki mai tsoron ruwan zafi