In Famfon Feshi Ya Toshe

Ibadan

Zuwa ga ƙanena Mode,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ƙafarta? Ina Turai da yara? An sako ruwan dam, kun dasa albasa?

Ni lafiya lau, sai ɗan nauyin ƙirji in na hau bene. Ba wani abu ba ne.

Inda nike wanke kwalaben gwaji, likitoci na binciken wani sinadari cikin jini mai karya dafin maganin feshi, shina kuma taimakon jijiyoyin zuciya. Na wani da ƙarfi, na wani da rauni, kuma ana gadonsa. Na miƙa hannu anka auna nawa. Mai rauni ne, Mode.

Wataƙila ban fahimce su duka ba, amma tun ranar na kasa zama wuri guda. Sai in riƙa ganinka a fadamar Boyekai, famfo ya toshe, ka sa baki ka busa, ka tofar, ka kora da nono kana cewa, "Mi zai mani?" Na tambaya, sun ce nono ba ya kashe dafin nan.

Kira ni matsoraci, na yarda. Amma uwa ɗaya uba ɗaya muke. Don Allah, in ya toshe, sa tsinke.

Allah shi tsare mani kai.

Yayanka,
Sale