Gwajin da Babu Shi Ya Dakatar da Sa Ranar Fadila

Hajiya Asabe Usman,
Tsohuwar Malamar Kimiyya,
Ƙofar Durbi, Katsina.
14 ga Oktoba, 2024.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Lafiya na Unguwa,

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SANARWAR JAMI'INKU MALAM TANKO

Bayan gaisuwa da fatan ana lafiya da iyali. Maganar da ke yawo ita ce wai Turawa sun gano ciwon 'yata Zainab, wanda ke cin rigar jijiyoyi, likitoci na ce masa MS, yana bin jini kamar sikila, kuma wai ana gwada shi kafin aure. Ni ba a ba ni "wai" in haɗiye, shi ya sa na bi sawu.

1. Ranar 28 ga Satumba, a taron rigakafi, Malam Tanko ya yi wannan sanarwa da lasifika. Kan labarin kawai ya karanta a wayarsa. Haka yake yi tun yana ajina.

2. Ranar 2 ga Oktoba, baffannin angon jikata Fadila, 'yar Zainab, suka aiko daga unguwar Gobarau cewa ba za a sa rana ba sai an kawo sakamakon wannan gwaji tare da na sikila. Yarinya ta daina cin abinci. Uwarta kuma, wadda da ƙyar take riƙe cokali, tana neman gafararta.

3. Na zaga ɗakunan gwaji na miƙa hannuna a ɗebi jini. Babu wanda ya san gwajin. Wani dai, don kada in fita haka nan, ya gano mini taifot.

4. Na sa tabarau na karanta binciken Turawan da kansa. Abin da ya ce shi ne wasu ƙwayoyin gado na rage ko ƙara wasu furotin a ƙwaƙwalwa, wannan kuma na iya ɗan ɗaga haɗarin kamuwa. Ɗan ɗagawa, ranka ya daɗe. Bai ambaci aure ba, balle Gobarau.

5. In da komai gado ne, da Malam Tanko bai riƙe lasifika ba, don marigayi mahaifinsa ko sallama sai an matsa kusa ake ji.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a umarce shi ya janye maganarsa da wannan lasifikar, da ƙarar da ya yi ta farko, sannan ya je zauren baffannin kafin Juma'a ya maimaita. Ba na neman a kore shi.

Allah ya ƙara girma. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Asabe Usman

Ƙari, ga abin da zai faɗa: babu gwajin MS na kafin aure. Cikin 'ya'ya ɗari na masu wannan ciwo, sama da casa'in ba sa kamuwa da shi.