Ƙorafi Kan Tayar Hagu ta A Daidaita Sahun Makarantarmu

Malam Hashim Nata'ala,
Unguwar Koki,
Birnin Kano.
Litinin, 20 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaba,
Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Faci da Dillalan Taya,
Shiyyar Jakara, Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAYAR DA AKA SAKA WA A DAIDAITA SAHUNMU A RUMFAR MALAM ISYAKU MAI FACI

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni malamin lissafi ne a makarantar firamare ta al'umma da ke Koki, kuma ni aka ɗora wa kula da A Daidaita Sahun da ke kai ɗalibanmu ƙanana gida. Direbansa Malam Mamman ne, shekararsa shida tare da mu. Ranar Asabar mai zuwa, 25 ga wata, kwamitin iyaye zai zauna don yanke hukuncin korarsa bisa zargin shaye-shaye. Ina da dalilin tsammanin laifin ba nasa ba ne, shi ya sa na kawo kukana gare ka kamar haka:

1. Ranar Juma'a, 3 ga Mayu, Malam Mamman ya kai mashin ɗin rumfar Malam Isyaku, ɗan ƙungiyarku, don a sauya tayoyin baya guda biyu. Takardar da aka ba mu ta nuna lamba 4.00-8, wato girman da ya dace da mashin. Kamar yadda aka saba, ya bar shi a can ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar an gama. Ba wanda ya ga lokacin da aka ɗaura tayoyin.

2. Tun daga ranar mashin ya fara rinjaya hagu. Idan an taka birki sai ya fizgi kai, idan an sha kwana a lungu sai ya riƙa tsalle. Ranar Alhamis, 9 ga wata, ya zame a wata kwana kusa da kwatar Jakara da yara biyar a ciki. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni sai Malama Lauratu, mai raka su, da ta gurje gwiwar hannu. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa an ga direbanmu yana tangaɗi da 'ya'yan mutane. Aka karɓe masa makulli. Mutumin da ko goro ba ya ci.

3. Ranar Laraba, 15 ga wata, na ari tef ɗin awo na tela na zagaye tayoyin biyu. Ta dama santimita 130, ta hagu 121. Na maimaita sau uku, domin ni ma ina iya kuskure. Na duba gefen ta hagun inda ake rubuta lamba, sai na tarar an kankare wurin, an shafe shi da baƙin mai. An kuma cika ta da iska har ta yi tauri fiye da 'yar'uwarta, ta yadda mai kallo daga nesa zai ga kamar tsayinsu ɗaya. Wani mai turin kaya a bakin kasuwar Kurmi da na nuna wa hotonta ya ce irinta ce a jikin baronsa. Ban tabbatar ba, amma hankalina bai kwanta ba.

4. Washegari na je wurin Malam Isyaku cikin lalama. Na roƙe shi ya zo makaranta ya auna iskar a gabana, ya ce ma'auninsa ya lalace tun azumi, shi da sifana yake bugun taya ya ji amonta, kuma kunnensa bai taɓa yaudararsa ba. Da na nuna masa awon da na yi, sai ya yi dariya ya ce taya ba jarrabawa ba ce da zan ba ta maki, in koma aji. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun kafin in nuna masa awon ko in faɗi wace taya nake nufi, ta hagu ya fara karewa. Kuma ya matsa in kawo mashin ya sauya ta nan take ba tare da kowa ya sani ba. Na ƙi, don idan tayar ta ɓace, shaidar Malam Mamman ta ɓace.

Ranka ya daɗe, ban zo don a rufe wa kowa rumfa ba. Mai yiwuwa shi ma Malam Isyaku wani dillali ne ya haɗa masa ita cikin kaya, ko da yake ban san yadda mai shekara ashirin yana faci zai ɗaura taya bai ji bambancinta a hannunsa ba. Ina kuma tunanin sauran mashinan da aka bari a rumfar nan masu su suka tafi salla.

Don haka nake roƙo da ladabi a turo mutum biyu daga cikin dattawan ƙungiya su cire tayar a gaban Malam Isyaku da wakilin iyaye, su faɗi ainihin girmanta da abin da aka yi ta dominsa, su rubuta su sa hannu kafin ranar Juma'a. Mashin yana kulle a harabar makaranta, makullin yana wurina, ba wanda ya taɓa shi.

Idan binciken ya nuna ni ne na yi kuskure, zan je rumfar da ƙafata in nemi gafarar Malam Isyaku a gaban maƙwabtansa. Idan kuwa ya nuna akasin haka, ina so in karanta takardarku a gaban iyaye ranar Asabar, Malam Mamman yana zaune yana ji. Kwana goma sha ɗaya ke nan yana zuwa sallar jam'i a wata unguwa, don kada ya haɗa ido da iyayen yaran da ya ɗauka shekara shida.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taimake ka kan gaskiya.

Naka mai biyayya,

(Sa hannu)
Hashim Nata'ala