Kindirmon Inna da Bargon Baba

Unguwar Zariya, Maraɗi, 6 ga Janairu

Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Balkisu da yara. Yaya sanyin Yamai? Mu nan lafiya lau. Inna ta zo daga Tsibiri za ta yi mana wata guda, tana gaishe ka.

Takarda na rubuto maimakon waya, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ka karanta, ka yi dariyarka can inda ba zan ji ba.

Ka tuna gardamarmu kan serber ɗin nan, na'urar da ke ɗauke da shafin intanet na matan koperatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwar masu zogale ta Jiratawa? Kai ka ce in aiko ta Yamai, wurin masu ba da hayar gurbi a ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da wutar da ba ta yankewa. Ni kuwa na kafe, na ce da hannuna na haɗa ta, a ɗakina za ta zauna inda nake jin motsinta. Na sa mata batir da farantin hasken rana, wata huɗu ko tari ba ta yi ba. Har gori nake maka.

To, yau kwana shida ke nan tana mutuwa. Kullum ina can makarantar da nake koyarwa a Sabon Gari, azahar na yi sai shafin ya ɓace. In dawo bayan la'asar in iske ta kashe kanta, in duba ta nuna wai zafi ya yi mata yawa. Zafi fa, Yaya, a wannan sanyin da ko alwala sai an ɗumama ruwa! Na kwance ta, na share fankarta, ban ga komai ba.

Abin da ya hana ni sukuni, ranar Juma'a da rana wani babban mai saye na Yamai zai buɗe shafin, ya ga zogalen da yadda ake shanya shi, kafin ya yanke ko da su zai yi hulɗa. Madam Alisabatu, shugabarsu, ita ta tsaya mini gaban mata arba'in masu cewa wai ni yarinya ce. In mutumin ya buɗe ya iske wayam, ban san da wane ido zan shiga Jiratawa ba. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Tahira

8 ga Janairu

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Zauna kafin ka karanta wannan.

Yau da hantsi na manta makullin aji, na juyo gida. Ina shiga ɗaki na nemi serber na rasa. A gurbinta sai wani tudu, an lulluɓe shi ruf da bargon marigayi Baba. Na yaye bargo. Ga na'urata tana haki, ga ƙwaryar madara zaune ɗaram a kanta, an rufe da faifai!

Ashe tun zuwan Inna ta lura kindirmonta ba ya kamawa saboda sanyi. Rannan tana shara ta dafa na'urar, ta ji ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Shi ke nan. Ina fita sai ta ɗora ƙwarya ta lulluɓe, kafin in dawo ta sauke, ta ninke bargo, ta goge wurin tas. Kindirmon nan da nake ta yabo kwana takwas, har ina neman ƙari, ashe shafin matan Jiratawa nake sha da fura.

Na so in yi faɗa, dariya ta ci ƙarfina, na zube ƙasa har da hawaye. Inna ko a jikinta. Ta ce ita taimakon abar ta yi, don ta ga na bar ta tsirara cikin sanyi ba ko zane. Da na yi mata bayanin Juma'a kuwa, sai jikinta ya yi sanyi, ta yi ta salati, ta ce ba ta san abincin mata arba'in take rufewa ba.

A gaida yara.

Tahira

13 ga Janairu

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Albishirinka! Mutumin ya buɗe shafi ranar Juma'a, ya gani, ya yaba, ya ce a fara haɗa masa kaya. Inna da kanta ta yi gadi, ta kafa kujera a bakin ƙofar ɗakina tun safe da carbinta, ko kaza ba ta bari ta gifta ba. Jiya na je Jiratawa, matan nan suka tare ni da guɗa, Madam Alisabatu ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Daɗi kamar in yi kuka.

Yanzu ga abin da kake jira: ka yi gaskiya. Sau ɗaya na faɗa, kada ka sa in maimaita. Da shafin nawa ne ni kaɗai, da a gida zan bar ta ko don in ba ka haushi. Amma kasuwar mutane ce, bai kamata ta dogara da wanda ya shiga ɗakina ba. Na sanar da matan shafin zai huta kwana biyu. Ka tari direban kar, motar safa, ranar Laraba, ka karɓe ta ka kai ta wurin hayar nan.

Inna ta ji an ce ɗakin sanyi za a kai ta, hankalinta ya tashi. Da hannunta ta naɗe ta cikin bargon Baba, wanda ka shekara uku kana roƙo tana hana ka. Na gaya mata can ba za su bari a shiga da bargo ba. Tana ɗaure igiya ta ce ai ta sani, wanda ya je tarba ya riƙe bargon, shi ma an ce Yamai ana sanyi.

Yana ɗan ƙanshin madara, Yaya. Kada Anti Balkisu ta yi saurin wanke shi.

Taka har kullum,
Tahira