Usur ɗin Clarrie

Lahadi, 7 ga Yuni, 1987
Sanyi. Na ci abinci a tsaye, wa zan shimfiɗa wa tebur? Ƙarfe uku na kunna rediyo, shirin Lindsay na tsofaffin fayafayan jirgin ƙasa. Yana roƙon duk mai faifai a gida ya ba shi aro. Ina da ɗaya, wanda wani mutumin birnin Adelaide ya naɗa a tasharmu a 1966, lokacin jiragen kwal. Usur ɗin mijina Clarrie na ciki. Shekara goma sha biyu da rasuwarsa, nan kaɗai nake jin sa.

Laraba, 10 ga Yuni
Na kai wa Lindsay faifan. Na ce idan ya karce mini shi, sai na karce masa fuska. Ya tambaya yadda na san Clarrie ne. Ji yaro! Kowane direba da irin busarsa in ya shawo kwanar gari, don matarsa ta ɗora ruwan shayi.

Lahadi, 14 ga Yuni
Ya sa faifan, ya ambaci sunan Clarrie, har na miƙe tsaye ni kaɗai a kicin. Sai ga waya an bugo gidan rediyon. Merle Dunstan ce, wadda muka yi maƙwabtaka a gidajen ma'aikatan jirgi. Gari duk yana ji ta ce, "Lindsay, a gaya wa Noreen ta yi haƙuri, wannan mijina Alby ne. Dogo ɗaya, gajere biyu. Ranar sun yi musayar aiki."
Bakinta bai taɓa gajiya ba.

Litinin, 15 ga Yuni
Na karɓo abina, na sa sau shida. Dogo ɗaya, gajere biyu. Alby ne.
To na Clarrie fa? Na zauna, na rufe ido. Babu. Wallahi babu. Shekara goma sha biyu ina yi wa mijin wata kuka, nawa ya ɓace mini ban sani ba. Tsoro nake ji.

Talata, 16 ga Yuni
Ban fita ba.

Alhamis, 18 ga Yuni
Merle ta bugo, na ƙi ɗauka. Na san ita ce, ba mai kira na.

Lahadi, 21 ga Yuni
Na kai mata faifan. Ba zumunci ya kai ni ba, kayan mutane ne ba na son riƙewa. Ta rame, kofi ɗaya ne a kan teburinta. Muka ji shirin tare, tunda na riga na zauna.
Da aka gama ta ce, "Ke, kin yi fushi ko?" Na ce na manta nasa ne, Merle. Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.
Ta ce, "Na Clarrie? Wanda ya hana jarirai barci a layinmu?" Ta gyara haƙoran robarta, ta tsuke baki, ta busa. Gajere, gajere, sai dogo mai hawa sama.
Na ce ba haka yake ƙarasawa ba, a ƙarshe yakan sauke shi a hankali.
Ta ce to yi mu ji.
Na yi.