Ɗigo Na Shida

Auta,

Na tafi jana'iza, ban so in tashe ki ba. Da asuba aka yo waya, Dogo ya rasu, wanda ya dafa kafaɗata a hotonmu na bakin daga.

Hoton yana kan tebur. Ɗigon biron nan da kike cewa datti ne, ni nake yin su. Mu bakwai ne, duk wanda ya riga mu gidan gaskiya sai in ɗiga masa a saman hula. Yau na yi na shida. Yanzu wa zai ƙara kirana Kofur Sarkin Barci?

Don Allah kar ki goge. Ki adana biron, na ƙarshen ke za ki ɗiga.

Babanki