Abin da Na Faɗa, da Abin da Kika Fassara

Zuwa ga Madhurima, ruwan farkon damina a kan rufin kwanona, nunannen mangwaron da ke reshen da hannuna bai kai ba, farin watan da ke wanka a kogin Ganga,

Gaisuwa daga Baruipur, daga Rupalinki, wadda yau a shagon kwalliya ta kusa aske wa wata amarya gira gaba ɗaya saboda tunaninki. Na ƙi ɗaukar wayarki don in hora ki, sai ga shi ni ce nake ramewa. Wane irin hukunci ne wannan, da alƙali ke kuka mai laifi na shan kofi?

Kin tuna tattakin bara, ranar da irinmu masu son jinsinsu suka cika titin Kolkata da tutoci? Dogon takalminki ya karye, na cire silifas ɗina na ba ki, na taka kwalta mai zafi da tafin ƙafa har gaban filin taro. Kika dube ni kika ce, "Ke daga ina?" Muryarki ta ratsa ni kamar iskar da ke gaban hadari. Tun ranar ban koma daidai ba, silifas ɗin ma bai dawo ba.

To, rabin raina, bari mu zo kan taron da ƙungiyarmu ta yi a otal don shirya tattakin bana. Ke ce shugabar kwamiti, kina zaune kusa da Baturiyar da ta zo da tallafi, kin yi kyau kamar furen bado da safe. Aka daɗe ana musu da Turanci kan ko balan-balan za a saya bana ko lema. Ni kuwa na ɗaga hannu har ya yi tsami. Da aka miƙo mini makirfo, na ba da labarin Shefali da Parul, maƙwabtana: yadda mai gidan hayarsu ya gano ba 'yan uwa ba ne kamar yadda suka ce, masoya ne, ya watso tukwanensu a titi, da yadda aka kori Parul daga masaƙa washegari. Na yi magana da Bangalanci har muryata ta dushe. Baturiya ta juyo gare ki don jin fassara. Kika yi murmushin nan da ke narkar da ni, kika faɗi jimla ɗaya tak.

Hasken idona, Turancina bai taka kara ya karya ba, amma "ta ce ta gode" na san shi, kullum matan da nake gyara wa fuska suna faɗa mini. Aka yi tafi. Baturiya ta rungume ni, aka ɗauki hoto. Yanzu ga ni can a shafin ƙungiya, baki buɗe ina tsakiyar faɗa, an rubuta a ƙasa wai muryar karkara cike da farin ciki. Baruipur da ke gefen Kolkata ce karkara?

A bakin ƙofa kika riƙe hannuna kika ce, "Rupa, ba lokacinsa ba ne, kar mu tsorata ta kafin ta sa hannu kan takardar tallafi." Na ce, "To yaushe ne lokacinsa, bayan balan-balan sun fashe?" Ke lauya guda, sai kika saki hannuna, na tafi tasha ina kuka ina jin ƙamshin turarenki a yatsuna.

Kin san inda Shefali da Parul suke kwana yanzu? A ɗakina. Shefali na minshari kamar injin ban ruwa. Parul ta kwashe gefen gadon da kike kwanciya, har matashin da nake ɓoyewa saboda yana ƙamshin gashinki. Asabar ɗinmu ta haɗuwa ta mutu, masoyiyata! Idan kukansu bai kai kunnenki ba, ko nawa ba zai kai ba? Furannin da kika aiko sun iso, Shefali ta kai wa allahiya Kali, ta roƙa miki shiriya.

Ga roƙona. Ki zo ranar Lahadi. Ki bar motar babanki a gida, ki hau jirgin ƙasa daga tashar Sealdah, ki shiga taragon mata, masu tallan kayan miya su tattaka miki ƙafa. Zan dafa miki kifin ilish da yajin mustad, wanda ƙayarsa ta fi gashin kai yawa. Ba a cinsa ana surutu. Yayin da kike tsintar ƙaya, Shefali da Parul za su ba ki labarinsu da bakinsu, daga farko har ƙarshe, babu mai taƙaitawa. Idan kin wanke hannu, sai ki ɗauki wannan Turancin naki mai daɗi ki kai wa mai gidan haya a kotu, inda ake buƙatarsa.

Ni dai taki ce, ko kin zo ko kin yi latti, har ranar da Ganga za ta juya ta koma kan dutse. Ina sonki, ina kuma fushi da ke. Wannan takarda ki karanta ta yadda take, kar ki fassara.

Taki har abada,
Rupali